Mai Taya Ninki

Yayarmu ta daɗe tana kiwon abin da ido ba ya gani. Wasu kaji suke kiwo, wasu tantabaru, ita kuwa bakteriya take kiwo a cikin kwalabe, a hawa na biyu na wata cibiyar bincike da ke bayan tashar bas. Tana ba su abinci, tana duba ɗuminsu, in za ta tafi hutu sai ta bar amanarsu kamar mai barin jarirai. Ni ce autar gidanmu, ni ce kuma na fi kowa yi mata tsiya, saboda haka in na ba da labarinta, ba wanda zai ce na yi mata kara.

A shagon wanki da guga muka tashi. Babanmu shi ne Mai-guga na layinmu, ba wanda ke kiransa da wani suna. Shagon ɗaki ɗaya ne da kantar karɓar kaya a gaba, labule a tsakiya, dogon tebur a baya, sai riguna rataye a hanga har rufi. Baba bai ɗauki wanki a bakin komai ba, wai ko ruwan sama ma yana wanki. Guga yana ganin girmanta. Amma ninki, nan ne fa ransa yake. In ya ninke riga, sai ka ji kunyar sakawa. Tun ba mu kai tsayin tebur ba yake ɗora mu a kan akwati yana koya mana: hannun dama tukuna, sannan na hagu, kwala ta kalli sama, kada karin guga ya karye. Ni dai har yau hannun hagu nake fara ninkewa, ya yi faɗan har ya gaji ya ƙyale ni.

Yaya kuwa ta iya ninkin sarai, bakinta ne ba ya ninkuwa. Rawar kai gare ta tun tana ƙarama, ga dariya ba dalili, ga tambaya kamar an aiko ta. Me ya sa sitaci ke sa riga ta tsaya? Me ya sa farin ƙwai yake garai-garai kamar ruwa, amma da ya ji wuta sai ya yi fari ya daskare? In an sa shi a firji zai koma yadda yake? Ta taɓa cika mana firji da dafaffen ƙwai tana jiran ya koma ɗanye. Baba bai taɓa iya yi mata tsawa ba, don sunan mahaifiyarsa ta ci, Uwata yake ce mata. Iyakarsa ya ce ta kai tambayar makaranta, can ake biyan mutane su amsa. Ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske, ta bi makaranta har ta ƙure ta, ta fito da takardar aikin ɗakin gwaje-gwaje.

Ranar da ta ce mana aikinta haɗa furotin ne, mun yi murna ba kaɗan ba, don mu abin da muka sani furotin shi ne nama da wake da ƙwai. Mai gyaran agogo, maƙwabcin shagonmu kuma aminin Baba, har cewa ya yi in an samu ragowa a riƙa tunawa da maƙwabta. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta gama ta hau kan kanta ta zauna, ta ce yau sai mun fahimta ko da kwastomomi za su koma da kayansu.

Ta ce jikin mutum ƙwayoyin halitta ne ƙanana tari-tari, kowace ɗaya kamar shago ce mai zaman kanta. A cikin kowace akwai babban littafin zane da aka gada daga uwa da uba, shi ne ake ce wa DNA, kuma ba a fita da shi daga ɗakin ajiya. In ana son wani abu, sai a kwafi shafin da ake buƙata a aika wa tela. Telan wani ɗan inji ne mai suna ribosom, yana bin kwafin yana karanta haruffa uku-uku, kowane uku ya gaya masa irin ƙyallen da zai jona. Ƙyallayen iri ashirin ne, amino asid ake ce musu. Haka zai yi ta jonawa har a sami dogon zare. To, wannan zaren shi ne furotin, amma a miƙe ba ya tsinana komai. Sai ya ninku, ninki na musamman, lungu a lungu, sannan zai zama gashi, ko abin da ke narkar da abinci, ko abin da ke ɗaukar iska a cikin jini. In ninkin ya karkace, aikin banza aka yi.

Baba yana guga yana jinta da rabin kunne, har ta zo kan ninki. Nan ya kafa dutsen guga a tsaye ya juyo. Ya sa ta maimaita. Da ta maimaita, bakinsa har kunne, ya leƙa waje ya kira mai gyaran agogo ya ce ya zo ya ji, ashe duk karatun da Uwata ta yi, ƙarshensa ninki ne. Ya ce shi dama ya sani. Daga ranar, duk wanda ya kawo kaya sai ya ji cewa jikinsa ma ninke shi aka yi, saboda haka ya daina dunƙule riguna a cikin leda.

Ana nan idon Baba ya fara dishi-dishi. Da farko ya ce ƙwan fitilar shago ne ya yi rauni, muka canza. Ya ce gilashin taga ne ya yi datti, na wanke. Wata rana na fito daga bayan labule na same shi yana gaida wata baƙar kwat da ke rataye kusa da ƙofa, ya tambaye ta gida, ya tambaye ta yara, yana jin haushin mutumin ba ya amsawa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, shi ma ya taya ni. Amma da na koma bayan labule sai na ga kwalar wata farar riga da ya ƙona bai ma sani ba.

Tun rasuwar Mama ni ce a kan kanta, don haka abin ya faɗo a kaina. Kullum in ya shiga gida cin abincin rana ya ɗan kishingiɗa, sai in ja labule in warware duk abin da ya ninke, in sake goge inda ya tsallake, in sake ninkewa, in jera kamar ba a taɓa ba. Aiki biyu ke nan a kan nawa. Sauri nake yi kada ya dawo ya same ni, shi ya sa yatsuna suka sha dutsen guga, wuyan hannuna ya kumbura har na riƙa ɗaure shi da bandeji. Ban gaya masa ba. Ta ina zan fara ce wa Mai-guga ninkinsa ya karkace?

Likitan ido ya duba ya ce yanar ido ce, a ido biyun, na dama ya fi. Ya ce aikin ba wani abu ba ne, za a cire ɗan gilashin da ke bayan baƙin ido, wanda ya yi fari, a sa na roba, mutum ya koma gida ranar. Baba ya yi godiya, ya yaba gugar rigar likita, muka fito. A bakin ƙofa ya ce min ba mai kai masa wuƙa ido.

Sai kuma aka yi rashin sa'a, ko in ce sa'ar da ta zo a karkace. A daidai wannan lokacin aka ba Yaya sabon aiki. Ta shigo shago da rawa, jaka na lilo a kafaɗa, ta ce mu canki furotin ɗin da Farfesa, shugaban ɗakinsu, ya ɗora ta a kai. Na ido ne. Kiristalin sunansa, shi ne cike da wannan ɗan gilashin da likita ya ce, shi ke sa ya zama garai-garai, kuma shi ne in ninkinsa ya warware ya dunƙule yake zama yana. Za ta sa bakteriyarta su ƙera shi, ta tace, ta ga yadda yake lalacewa.

Abin da ta faɗa ke nan, ina wurin. Abin da Baba ya ji kuwa daban. Kafin la'asar duk layi ya san cewa 'yar Mai-guga tana haɗa maganin yana, na ɗigawa, ɗigo ɗaya ido ya washe. Mai gyaran agogo ya ce a sa sunansa a layi, shi ma idonsa ya fara dishi-dishi. Wata tsohuwa ta zo da ƙaramar kwalba a wanke. Mai kantin layinmu ya fara ce wa Yaya Likita. Duk wanda ya yi wa Baba maganar asibiti sai ya yi murmushi ya ce shi mai magani a gida, me zai kai shi hannun baƙo? Zai jira Uwata ta gama.

Yaya ta gwada gyara maganar, ba zan yi mata ƙarya ba. Sai dai in ta ce ba magani take haɗawa ba, Baba ya ce ku ji ta da kunya, haka mahaifiyarsa take, ba ta son yabo. Ita kuma, Allah ya sani, yabon yana yi mata daɗi. Wa zai ƙi? Ubanka yana zaune a ƙofar shago yana faɗin sunanka da alfahari, kai kuma ka je ka kashe masa fitila? Sai ta yi dariya ta ce to Baba, ana kan aiki, ta zame.

Aikin ma kansa ya ƙi. Ta sa wa bakteriya kwafin zanen kiristalin, suka karɓa, suka yi ta ƙerawa ba ji ba gani, amma saboda gaggawa sai su zubar da shi a dunƙule kamar wankin da aka cusa a buhu. In ta fasa su ta juya a inji, duk furotin ɗin ya kwanta a gindin kwalba, ba ya narkewa. Ta zo shago tana ƙorafi wai 'ya'yanta ba su da tarbiyya. Baba ya ba ta shawara irin ta masana: ta ƙara wuta, ta ɗan yayyafa ruwa, in da hali ta sa sitaci, ba ninkin da ke gagarar zafi. Ta ce Baba, zafi ai shi ne ke warware shi. Ya ce a'a, wannan dai ba su iya riƙe dutsen ba ne. Suka yi ta musu, ni ina bayan labule ina hura yatsa.

Ran da haƙurina ya ƙare, da hantsi ne. Baba ya miƙa hannu zai ɗauki dutsen guga, ya kama shi ta wajen zafin. Bai yi ihu ba, tsaki kawai ya ja, amma tafin hannunsa ya tashi fal. Ina shafa masa magani yana ce min kada in gaya wa Uwata, kada hankalinta ya rabu, ta kusa gamawa. Ina gama ɗaure masa na fita bayan shago na kira ta. Ban gaishe ta ba. Na ce mata ita ce ta makantar da Baba, ba yana ba. Na ce yana zaune cikin duhu yana jiran kwalbar da ta san babu ita, ita kuma tana yawo ana ce mata Likita. Na faɗi wasu maganganun ma da ba na maimaitawa ba ne. Da na gama, Yaya ta ce in ba ta ɗan lokaci, ba da baki za ta gaya masa ba, don baki ta gwada bai ji ba.

Abin da ta yi shi ne ta rage wa bakteriyar ɗumi, ta bar su suna aiki cikin sanyi-sanyi, a hankali, yadda kowane zare zai sami sukunin ninkuwa kafin na bayansa ya taho. Ya ɗauki lokaci, amma ya yi. Ta turo min hoton wani abu kamar daskararren sitaci da ɗan layi shuɗi a tsakiya, ta biyo shi da kira tana haki, wai in duba, in duba layin nan, shi ne, shi kaɗai, tas. Na ce na ga layi. Ta ce ni ba ni da zuciya. Daga baya abokan aikinta suka ba ni labari wai sai da ta zaga tebur tana rawa da safar hannu, har Farfesa ya leƙo ya tambaya ko an ƙara albashi ne.

Ta nemi izini ta kawo Baba ya ga wurin aikinta. Zo ka ga shiri! Ya sa ni na goge masa rigar da ya fi so, ya shafa ta da hannu mai lafiya ya ce in sake. Ya gaya wa mai gyaran agogo za shi karɓo magani. Muka hau bas, ni a gefensa ina riƙe da gwiwar hannunsa, shi yana ba fasinjoji labarin 'yarsa.

A ƙofar ɗakin gwajin aka miƙo masa farar kwat, don ba a shiga sai da ita. Ya shafa ta sama da ƙasa, ya tambaya wane maƙiyin Allah ne ya yi mata wannan aika-aika. Da ƙyar ya saka. Farfesa ya zo gaishe shi, Baba ya riƙe hannunsa, ya lalubo kwalar rigarsa, ya ce masa ya turo kayansa shago, ba don kuɗi ba, don mutunci. Farfesa ya ce to, Baba. Yaya ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Ta zaga da shi ko'ina. Ga injin da ke jijjiga kwalabe masu faɗin gindi, cike da romo ruwan ƙasa-ƙasa, nan 'ya'yanta suke. Baba ya shinshina ya ce yaran nan suna buƙatar wanka. Ga injin da ke wulwula kwalabe har mai nauyi ya kwanta ƙasa, ya ce wannan ai injin matse wanki ne, nasu dai ya fi tsada. Ga dogon bututun gilashi da ake tace furotin a ciki, ɗigo-ɗigo, nasu ya maƙale sauran tarkace su wuce. Da ta ce masa shuɗin da suke rina furotin da shi ne ke sa su gan shi, ya ce ashe har bula suke sawa, to me ya rage? Sana'arsa ce kawai aka sa mata farar kwat. Duk ɗakin ana ta dariya, shi ya fi kowa.

Sannan ta zaunar da shi a kan doguwar kujera kusa da taga, ta kawo ƙananan kwalabe biyu, kowace ba ta fi ɗan yatsa ba. Ta ɗora baƙar jakarta a bayansu, ta matso da su dab da idonsa na hagu, mai ɗan sauran gani. Ta tambaye shi me ya gani. Ya ce ba komai, baƙi kawai. Ta ce daidai, haka ake so, ruwan ciki cike yake da furotin irin na idonsa, amma da yake kowane a ninke yake tsaf, haske wucewa yake yi kamar babu komai. Baba ya gyara zama ya tambaya wanne ne na ɗigawa a ciki.

Ta tsoma kwalaben biyu a wata tukunyar ruwan zafi mai agogo a jiki. Muka jira. Yaya da ba ta iya tsayuwa wuri ɗaya, ranar ta tsaya ƙyam. Da ta ciro su ta sake jera su a gaban baƙar jakar. Ɗaya tana nan garai-garai. Ɗayar ta yi fari fat kamar an zuba madara.

Wannan kam ya gani. Ya ce ga wani fari nan. Ta ce masa abin da ke idonsa ke nan. Zafi ya warware ninkin, zaren ya kama zare, suka cukurkuɗe, haske ya rasa hanya. A kwalba zafi ne ya yi shi cikin ɗan lokaci, a ido kuwa shekaru ne suke yi a hankali. Ya tambaya ko in an bi shi da guga zai koma. Ta ce ya tuna ƙwan da ta cika firji da shi? Ya yi 'yar dariya, ya ce ya tuna.

“Baba, babu maganin ɗigawa,” in ji ta. “Ba ni da shi, ba kuma na kusa samunsa. Aikina in gane yadda abin yake lalacewa. Wataƙila jikokinka su ci amfaninsa. Kai dai likita ne zai cire maka wannan ya sa sabo. Tun tuni ya kamata in tsaya ka ji ni, daɗin yabonka ne ya hana ni.”

Na zaci zai yi faɗa, ko ya ce kunya ce irin ta mahaifiyarsa. Sai ya riƙa juya farar kwalbar a hannunsa mai bandeji. Can ya tambaya, shi wannan na idon nasa, yaushe aka ninke shi? Ta ce na tsakiyar tun yana cikin mahaifiyarsa. Sauran furotin na jiki ana canza su kullum, tsoho ya tafi sabo ya zo, amma na wannan gilashin ba a canzawa, wanda aka ninke tun farko shi ne mutum ke gani da shi har tsufa. Baba ya girgiza kai a hankali. Ya ce ninki ɗaya, shekara saba'in da ɗoriya, ba a sake bi ta kansa ba. Ya ce wannan aiki ne, shi bai taɓa yin wanda ya wuce sati biyu a akwati ba.

Sai ya nuna ɗaya kwalbar, wadda ba ya iya gani, ya ce ita kuma me ya hana ta yin fari, ba tukunya ɗaya suka shiga ba? Nan Yaya ta ɗan farfaɗo, don an zo inda take so. Ta ce a cikin wannan ta haɗa da wani irin kiristalin ɗin, ɗan'uwan na farko, wanda aikinsa taya ninki. Da ya ga wani ya fara warwarewa sai ya yi maza ya rungume shi, ya riƙe, kada ya kama na kusa da shi su dunƙule. A ido ma akwai shi, shi ya sa ake daɗewa ana gani garau. Matsalar ita ce shi ma ba a kawo sabo. Yau ya riƙe wannan, gobe ya riƙe wancan, har hannunsa ya cika, ya ƙare. Daga nan ne fari ke shigowa.

“Shi mai taya ninkin,” in ji Baba, “in ya gaji, yana faɗa?”

Yaya ta ce a'a, ba ya faɗa, sai dai a ga aiki ya lalace.

“Haka Auta ma,” in ji Baba.

Ina tsaye a bayansa ina wasa da igiyar jakata, maganar ta same ni kamar an watsa min ruwa. Ya miƙo hannu baya yana lalube har ya kama wuyan hannuna, daidai kan bandejin. Ya ce shi idonsa ne ya tafi, ba yatsunsa ba. Kullum ya dawo daga cin abinci sai ya shafa kayan ya ji hannun hagu ne a ƙasa, kuma mutum ɗaya ce a duniya take fara ninke hagu duk faɗan da aka yi mata. Ya ce ya yi shiru ne don yana cewa kwana kaɗan ne, magani na zuwa. Ni kuwa da na zo da shirin kallon Yaya tana shan kunya, sai ga ni ina kuka a gaban injin jijjiga, da farar kwat ɗin mutane ina share hanci. Baba ya ce in bari, kwat ɗin dama ba ta da sauran mutunci. Ya juya wajen Yaya ya ce ta kira likitan nan mai kyan guga.

Mai gyaran agogo ya ji haushi da muka dawo hannu biyu, amma da ya ji an sa rana ya ce shi zai biyo baya in ya ga yadda ta kaya. Aikin da safe aka yi, idon dama. Kafin mu gama musu da Yaya a kan wa za ta riƙe masa takalmi, har an turo shi waje da auduga da ɗan farantin kariya a ido, yana ba ma'aikaciyar jinya labarin ribosom, wai wani tela ne ƙarami da ba ya saɓa alkawari.

Washegari muka koma a buɗe. Yaya ta tsaya a gabansa, ta kasa tsayawa, ta koma gefe, ta dawo, sai da likita ya ce ta zaɓi wuri ɗaya. Aka ɗaye auduga. Baba ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba, ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon ta. Rabonsa da ganin fuskarta sosai tun ba ta da furfura ko ɗaya, yanzu kuwa ga ta nan ta leƙo ta gaban ɗankwali, ga layi biyu a gefen baki saboda yawan dariya.

“Inna,” ya ce a hankali, yadda yake kiran mahaifiyarsa. Sannan ya farga, ya yi dariya. “Uwata, yaushe kika tsufa ba ki gaya min ba?”

Yaya ta fashe da dariya da kuka a haɗe, ta ce tun yana gaida kwat. Daga nan idon ya shiga aiki ba hutu. Ya ga labulen asibiti a yamutse. Ya ga rigar likita, ya ce da hannu ta fi kyau, ashe akwai kari biyu a kafaɗa. Ya ga rigarsa da na goge sau biyu, ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne. Likita ya gargaɗe shi kada ya kusanci tururi ko ya sunkuya sai ido ya warke, ya ce ya ji, ninki ai a tsaye ake yi.

Sai ya ce in matso. Ya kama hannayena biyu ya juya su, ya kai su kusa da hasken taga. Tabon guga ne birjik, tsoho da sabo, a yatsu, a gefen tafi, wani ya yi baƙi wani bai gama warkewa ba. Da yatsunsa ya san bandejin, amma waɗannan bai taɓa sanin yawansu ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, sabon idon nan da ko kwana bai cika ba.

Da muka iso shago bai zauna a ƙofa karɓar barka ba, ko da yake rabin layi na jira. Ya wuce ciki ya zuge labulen tsakiya har ƙarshe, ya ɗaure shi a jikin ƙusa. Ya jawo kujerarsa ya ajiye kusa da tebur, ya ce in zauna. Na ce akwai kaya da yawa, masu su za su zo da yamma. Ya ce ya gani, ai yanzu yana gani. Ya ɗauko rigar farko daga kan tarin da na goge, ya shimfiɗa ta, ya fara da hannun dama.